Tamburan folda da hotunan bango masu zanen Sakkwato: yaya za a haɗa su a raba ba su lalace ba?

Ɗan Marina:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina son in haɗa ƙunshin tamburan folda 12 da hotunan bango 6 masu zanen gida: dagin Arewa, adon jakar fata, rawani, kakaki, ƙofar gari da makamantansu, don a raba wa ɗaliban wata makarantar koyon kwamfuta nan cikin gari. Kwamfutocin duk na hannu ne, HP da Dell, wasu na kan Windows 10, wasu Windows 11. Da CorelDRAW ake zanen.

Wurare uku aikin yake tsayawa. Na farko, in an fitar da zane a PNG an canza ƙarshen sunansa zuwa .ico, ko dai Windows ta ƙi nuna shi, ko ya fito dishi-dishi, wani lokaci da farin akwati a bayansa. Na biyu, in tambarin ya hau folda lafiya lau, da an kwafe foldar a filash an kai wata kwamfuta sai ta koma ruwan ɗorawarta ta asali. Na uku, hoton bango in an tura ta WhatsApp yana isa a dame, kuma a wasu kwamfutocin gefensa na yankewa har rubutun da ke jiki ya ɓace.

Wanda ya san wanga aiki shi taimaka muna da bayani daki-daki: girma nawa, wace manhaja, kuma ta wace hanya za a raba. Allah shi saka da alheri.

Injiniyan Mabera:

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in ɗauki ta farko.

Canza suna ba ya canza abin da ke cikin fayil. ICO ba hoto ɗaya ba ne, jaka ce mai ɗauke da hotuna da yawa na abu guda, kowanne da girmansa, Windows kuma tana zaɓar wanda ya dace da wurin da za ta nuna shi. A jerin fayiloli na Details tana ɗaukar mai fiksil 16 (fiksil shi ne ɗan ɗigon da hoton sikirin ke haɗuwa da shi). A sandar ƙasa 24. A fuskar kwamfuta, matsakaicin tambari 48 ne in girman nunin sikirin (Scale) na kan kashi 100, in an ɗaga shi zuwa kashi 150 sai ya koma 72. Manya kuwa daga 256 ake ɗauko su, kuma nan ne iyakar ICO. Idan jakar girma ɗaya kawai ta ƙunsa, sai Windows ta ja shi ko ta matse shi da kanta, dishi-dishin da kake gani ke nan. Mafi ƙarancin abin da za ka zuba shi ne 16, 24, 32, 48 da 256. Ni a ganina a ƙara 64 da 96, saboda kwamfutocin da aka ƙara wa girman rubutu.

Ga yadda ake yi da GIMP, manhajar gyaran hoto, kyauta ce, kuma ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta. Ka fitar da zanenka daga Corel a PNG, faɗi da tsawo daidai, 256 sau 256, launi RGB, wato tsarin launin sikirin, ka tabbatar ka sa alama a wurin Transparency. Ka sake fitarwa a sauran girman, kowanne fayil daban. A GIMP ka buɗe mai 256, sannan File, Open as Layers, ka zaɓo sauran duka. Kowanne zai shigo a leyarsa da girmansa. Kada ka haɗe su, kada kuma ka faɗaɗa su zuwa girman allon. Sai File, Export As, ka rubuta suna da .ico a ƙarshe. Akwatin da zai fito zai jera maka leyoyin ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ka zaɓa mata 32 bpp, 8-bit alpha, a kan mai 256 kuma ka sa alama a Compressed PNG. Dalili: 256 sau 256 sau bayit 4 ya ba da bayit 262,144 in ba a matse ba, in an matse kuwa zane mai launi kaɗan yana saukowa ƙasa sosai. Tun Windows Vista ake karanta irin wannan matsi, XP ce kaɗai ba ta gane shi, kuma ba na jin akwai ta a wurinku.

Farin akwati kuwa dalilinsa ɗaya daga biyu ne. Ko zanen ya taɓa bi ta JPEG, wanda ba ya iya riƙe bayan hoto fanko, sai ya cika shi da fari. Ko kuma an fitar da PNG ɗin ba a sa alamar Transparency ba. Ka buɗe a GIMP: in ka ga ɗan dara-daran toka-toka a baya, lafiya, in ka ga fari fat, koma Corel.

Tunda tambura 12 ne, akwai gajeriyar hanya. Ka saka ImageMagick, manhajar juya hotuna da ake ba umarni a rubuce, ka shiga foldar ta Command Prompt, ka rubuta:

magick dagi.png -define icon:auto-resize=256,96,64,48,32,24,16 dagi.ico

Layi ɗaya, ya fitar da duk girman bakwai cikin fayil guda. Shafukan intanet masu juya PNG zuwa ICO suna nan birjik, amma da yawansu girma ɗaya suke ba ka sai ka nemi sauran da kanka, ga cin data.

'Yar Gidan Igwai:

Injiniya, Allah shi ƙara basira, bayanin jaka ya fita. Amma wancan layi na ImageMagick ban yarda a sake wa mai zanen dagi shi haka nan ba. Abin da yake yi matse babban zane ne kawai, kuma zanen gida ba ya jure matsi. Mai ɗinkin da ya yi aska takwas a gaban babbar riga ba ya ɗaukar ta yadda take ya cusa a kan hula, wani zanen yake yi daidai wurin. Haka 16 da 24 suke, sai an sake zana su.

Ɗan Marina, ka yi lissafi. Daga 256 zuwa 16 an raba sau 16 ke nan. Duk layin da kaurinsa bai kai fiksil 16 ba a babban zane, a ƙarami bai cika fiksil ɗaya ba, sai ya narke ya zama toka. Dagin Arewa kyansa a saƙar layukan yake, wannan ya bi ta sama wancan ya bi ta ƙasa, da ɗan rata tsakani. A 256 za ka nuna saƙar duka. A 48 ka ƙara wa layi kauri ya kai fiksil 3 ko 4, ratar ta zama fiksil 1 cikakke. A 32 ka bar ratar a mahaɗa ta tsakiya kawai. A 16 ka manta da saƙa, ka cike siffar da launi ɗaya, ido zai gane ta daga kusurwoyinta. Kakaki ya fi wuya don siriri ne dogo: ka kwantar da shi a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, ka kumbura bakinsa fiye da yadda yake a zahiri. Rawani da ƙofar gari ba su da matsala, siffarsu a dunƙule take.

Akwai kuma zancen layi ya zauna daidai kan fiksil. 256, 64, 32 da 16 dangi ne, kowanne yana rabuwa cikin na samansa ba saura. 96, 48 da 24 wani dangin ne daban. In ka raba 256 da 48 za ka samu 5 da ɗoriya, don haka layin da ya zauna cas a 256 zai faɗa tsakanin fiksil biyu a 48, gefensa ya yi laushi. To 48 ɗin nan shi ne wanda mutane za su fi gani. Shawarata ka yi uwar zane biyu, ɗaya a 256 ɗaya a 96, ka kunna layukan grid, ka sa komai ya manne musu. Manhajar zane ta Inkscape ta fi Corel sauƙi a nan. Ka bar ratar fiksil 1 ko 2 a gefen ƙananan, kamar 8 zuwa 16 a babban, kada zane ya taɓa baki.

Launi kada ya wuce uku ko huɗu a tambari guda, kuma dukan 12 su ci daga kwano ɗaya: jan fatar Sakkwato, baƙin shuni, ruwan ƙasa, da fari mai ɗan duhu. In haske daga hagu ta sama ya zo wa ɗaya, to duka haka. Ka gwada kowanne a kan fari da kuma a kan baƙi, don wasu ɗaliban za su kunna yanayin duhu. Shuni a kan baƙi ɓacewa yake sai an zagaye shi da siririn layi mai haske.

Wani abin da ke ɓata aiki shi ne farin zobe a gefen zane. Yana faruwa in an zana a kan farin allo sannan aka goge farin da sandar zaɓen launi (magic wand): fiksil ɗin bakin zanen sun riga sun gauraya da fari, a folda mai haske ba a gani, a hoton bango mai duhu sai su fito ƙuru-ƙuru. Maganinsa tun farko a zana a kan fanko. In aikin gama ya gama, a GIMP ka yi Alpha to Selection, Shrink da fiksil 1, Invert, ka goge.

Rubutu kuma kada ka sa a cikin tambari. Sunan folda na nan ƙarƙashinsa.

Baban Arkilla:

Ɗana, ta biyu ba laifin zane ba ne, adireshi ne.

Lokacin da ka danna dama a kan folda, Properties, Customize, Change Icon, ka zaɓi tambari, Windows ba ta saka hoton cikin foldar. Wani ɓoyayyen fayil take rubutawa a ciki mai suna desktop.ini, ta ajiye hanyar da za a bi a samo tambarin, misali C:\Users\sunanka\Downloads\dagi.ico. A kwamfutar wani babu wagga hanya, sai folda ta koma yadda take. Ko a taka, ranar da ka share Downloads ko ka matsar da fayil ɗin, tambari ya tafi. A filash kuma harafin ne ke canzawa, nan E, can F.

Hanya biyu ce. Mai sauƙi, wadda nake ganin ta fi dacewa da ɗalibai: kowa ya buɗe folda a C:\Tambura, ya zuba fayilolin ICO a ciki, kada ya sake taɓa ta, daga nan yake zaɓowa. Adireshi ya zama ɗaya a kowace kwamfuta, ko an kwafe folda daga wannan zuwa waccan tambari na biye.

Ta biyu, in kana son folda ta yi tafiya da tambarinta duk inda ta je. Ka saka dagi.ico cikin foldar kanta. Ka buɗe Notepad ka rubuta layi biyu:

[.ShellClassInfo]
IconResource=dagi.ico,0

Ka adana da suna desktop.ini a cikin foldar, wurin Save as type ka zaɓi All files, in ba haka ba zai zama desktop.ini.txt, ba abin da zai yi. Sannan a Command Prompt, kana cikin foldar:

attrib +h +s desktop.ini
attrib +h dagi.ico

ka fito mataki ɗaya baya ka rubuta attrib +r da sunan foldar, a tsakanin alamun zance in sunan na da rata. Wannan na ƙarshe shi mutane ke tsallakewa. Windows ba ta duba desktop.ini sai foldar na ɗauke da alamar r ko s. Kuma alamar ba ta hana rubutu a cikin foldar, kada ka ji tsoro. Ka lura, ZIP sau da yawa yana zubar da alamar nan wurin kwancewa. Tsarin 7z na manhajar 7-Zip yana riƙe ta.

Sunayen fayil ka rubuta su da baƙaƙe marasa lanƙwasa, ba rata: kofa.ico, ba ƙofa ba. In dole sai ƙ ko ɗ sun shiga desktop.ini, ka adana shi a tsarin haruffa na UTF-16 LE, don in ka bar shi a wani tsarin harafin na iya rikiɗewa, hanya ta ɓace.

In ka canza zane ka bar sunan fayil yadda yake, za ka ga tsohon tambari ya ƙi tafiya. Windows na ajiye kwafin tambura don saurin nunawa. Danna Windows da R, rubuta ie4uinit.exe -show. In bai ji ba, ka rufe Explorer ta Task Manager, ka share fayilolin da sunansu ya fara da iconcache a cikin %LocalAppData%\Microsoft\Windows\Explorer, ka sake kunna kwamfuta. Mafi sauƙi duka, ka canza suna zuwa dagi2.ico ka sake zaɓa.

This PC da kwandon shara ba ta Properties ake canza su ba: Settings, Personalization, Themes, Desktop icon settings. Kwandon tambari biyu yake so, na cike da na fanko. Wani lokaci ba ya sauyawa da kansa sai an danna F5. Gyaransa a rajistiri yake, wato ma'ajiyar saitunan Windows, a ƙara waƙafi da sifili a ƙarshen adireshin kowanne, amma wannan ba aikin ɗalibi sabon shiga ba ne. Ka cire alamar Allow themes to change desktop icons, in ba haka ba sabon jigo (theme) zai share maka aiki.

Filash kansa ana sa masa tambari da fayil ɗin autorun.inf, a rubuta [autorun] a layin farko, icon=dagi.ico a na biyu. Yana aiki har yau. Sai dai manhajojin kashe bairos da yawa na share shi ko su yi ta ƙara, saboda ta nan tsofaffin ƙwayoyin filash suke bi. A makarantar da filash ɗaya ke zagaya kwamfuta ashirin ban ba da shawara ba. Haka manhajojin da ke cewa za su canza dukan tamburan Windows a danna ɗaya: fayilolin tsarin kwamfuta suke taɓawa irin imageres, sabuntawa ta gaba ta mayar da su, ko kwamfuta ta tashi da baƙin allo.

Ɗan Marina:

Allah shi gafarta Baba, na gane, C:\Tambura za mu bi. Malama, zan sake zana 16 da 24 da hannu, sauran in bar wa ImageMagick daga uwar zane biyu. Saura hoton bango. Akwai mai 1366 sau 768, akwai 1920 sau 1080, sannan akwai tsofaffin sikirin masu kusan murabba'i a ɗakin gwaji. Sai na yi wa kowane nasa?

Mai Hoto na Runjin Sambo:

Ba sai kowane ba, biyu sun isa, amma ka fara sanin abin da ke yanke maka gefe. A Settings, Personalization, Background akwai zaɓin yadda hoto zai zauna. Fill yana cika sikirin ya yanke abin da ya yi saura. Fit yana nuna hoton duka ya bar fili a gefe. Stretch yana ja har da'ira ta koma ƙwai, wannan kada kowa ya taɓa shi. Yawanci a Fill ake, to da shi za ka yi lissafi.

1366 sau 768 da 1920 sau 1080 siffarsu kusan ɗaya ce, 16 da 9, hoto ɗaya mai 1920 sau 1080 ya ishe su, ragewa ba ta ɓata hoto, ƙarawa ce ke ɓatawa. Matsalar tana ga sauran. Sikirin mai 1280 sau 800 ko 1920 sau 1200 zai cinye kamar fiksil 96 a kowane gefe na hotonka. Tsofaffin nan naka, in 1280 sau 1024 ne, cikin faɗin 1920 fiksil 1350 na tsakiya kawai za su nuna, wato 285 sun tafi a hagu, 285 a dama. Ka ga inda rubutunka yake zuwa. Saboda haka ko ka tsare duk abu mai muhimmanci cikin 1350 na tsakiya, ko ka yi wa ɗakin gwaji nasa daban a 1280 sau 1024. Ni na biyun na fi so, don na farkon yana takure zane.

Ka tuna fuskar kwamfuta wurin aiki ne. Tambura daga hagu suke jeruwa, kowane layi na cin kamar fiksil 75, don haka ka bar 300 na hagu a natse, ba zane mai yawa, ba fari tas, saboda sunayen fayil da farin rubutu suke fitowa. A ƙasa sandar Windows 10 na rufe fiksil 40, ta Windows 11 kuma 48, in an ƙara girman sikirin su ma su ƙaru; ka bar 80 kawai ka huta. Babban zanen ya zauna daga tsakiya zuwa dama.

Tunda Corel ne, ka duba launi. Masu shagon buga kati da kalanda a CMYK, tsarin launin tawada, suke aiki, in ka fitar a haka ja zai koma kamar bulo, shuɗi ya mutu. Ka buɗe sabon shafi a RGB, ma'auni fiksil, ka fitar a sRGB. Zancen 300 dpi na takarda ne, sikirin adadin fiksil kawai ya sani.

Zane mai shimfiɗaɗɗen launi da rubutu, PNG. Hoton kyamara, JPEG mai inganci 90 zuwa sama. Ka san kuma Windows na sake matse JPEG zuwa kashi 85 lokacin da take mayar da shi hoton bango, shi ya sa gefen jan rubutu ke yin ƙura ko da fayil ɗinka tsaf yake. PNG ba ta yi masa haka. Launin da ke sirkuwa daga duhu zuwa haske, irin sararin magariba, yakan fito da layi-layi a sikirin masu araha. Ka watsa masa ɗan noise, wato ƙananan ɗigo-ɗigo kamar ƙura, kashi 1 ko 2 kafin fitarwa, layukan za su narke.

In hoto za ka ɗauka da waya, a kwance, ba a tsaye ba. Kyamara mai megafiksil 12 na ba da 4000 sau 3000, in ka yanke zuwa 16 da 9 ya zama 4000 sau 2250, ya wuce abin da kake buƙata. Kada ka zuƙo da yatsa, ka matsa kusa. Hantsi kafin rana ta take, ko bayan la'asar. Tsakar ranar Sakkwato na wanke launin gini ya koma fari. Lokacin hunturu ƙura na kashe nesa, gadar Rima ko fadama ba za su fito ba, amma abu na kusa irin adon fata da zanen ƙofa sun fi kyau a hasken nan mai laushi. Wurare irin Hubbare da fada a nemi izini kafin a ɗaga waya, kuma fuskar mutum ba ta shiga ƙunshin da za a raba sai da yardarsa.

Rubutun Hausa: salon haruffa na ado da yawa ba su da ƙ, ɗ, ɓ, sai ka ga akwati ko harafi ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa. Noto Sans, Andika da Charis suna da su, kuma kyauta ne. In ajami ne akwai Harmattan da Alkalami na SIL. Ka duba da kyau baƙaƙen sun haɗu kuma daga dama suka faro, don wasu manhajojin zane na warwatsa su. Aya ko sunan Allah kuwa, ni dai ba zan sa a wurin da kwandon shara da tarkacen fayiloli za su hau kai ba. Karin magana ko sunan makaranta ya wadatar.

Masu cewa baƙin hoton bango na tsimin batir, a sikirin OLED ne, wanda ba shi da fitilar baya. Waɗannan HP da Dell fitilar bayansu a kunne take ko wane launi ne, rage haske shi ne tsimi.

Injiniyan Mabera:

Malama, na karɓi gyara a kan 16 da 24, amma daga 32 zuwa sama ina nan kan bakana in zanen ba mai saƙa ba ne.

Rabawa. WhatsApp in ka tura hoto a matsayin hoto, rage shi take yi ta sake matsewa, ko ka zaɓi HD ba ainihin fayil ɗin ke isa ba, kuma PNG mai fanko yana rasa fankonsa. Ka tura ta Document, nan ba ta taɓa komai. Facebook ma matsewa take, can samfoti kawai za ka sa. Mafi tsafta ka tattara komai a ZIP ɗaya: folda ta ICO, folda ta PNG mai 256 don masu Linux da waya, folda biyu na hotunan bango da girman a jikin suna kamar dagi-1920x1080.png, hoto guda mai nuna duka tamburan a jere, da ɗan fayil na rubutu mai bayanin matakai cikin Hausa. Duka bai kamata ya yi nauyin da zai gagari mai ƙaramar data ba. In ya yi, PNG ɗin bangon ne, ka mayar da masu hoton kyamara JPEG. A cikin aji ba ka buƙatar intanet, kebul ko Xender ko filash guda mai tsafta. Na nesa ka ɗora a Google Drive ka ba da mahaɗi. Ka sa lamba a sunan ƙunshin, 1, 2, don in ka gyara a san sabo.

Akwai kuma hanyar jigo. Ka jera hotunan a Slideshow, ka zaɓi launin sanda, ka sa tamburan This PC da kwando, sannan a Themes ka adana, ka danna dama a kansa, Save theme for sharing. Zai ba ka fayil ɗaya mai ƙarshen .deskthemepack, ɗalibi ya danna sau biyu komai ya hau. Tamburan folda dai ba sa bin sa, sai ta hanyar Baba. Kuma a gaya wa ɗalibai kada su buɗe jigon da ba su san mai shi ba, don an taɓa samun ɓaraka ta fayilolin jigo har Microsoft ta toshe wata a 2023. Ƙunshin tambura kuma ba ya zuwa da .exe, in ka ga haka, share.

Haƙƙin mallaka: abin da ka zana naka ne, ka rubuta sharaɗi a fayil ɗin bayani. CC BY na nufin kowa ya yi amfani ya ambaci sunanka, CC BY-NC ya hana sayarwa. Hoton da aka tsinta a Google ba naka ba ne. Na Wikimedia Commons kowanne da lasisinsa a ƙasansa, yawanci sai ka ambaci mai ɗauka, wasu kuma sai ka saki naka aikin da irin lasisin. Tambarin jami'a ko na gwamnati kada ya shiga ba izini.

Ɗan Marina:

Yaya Injiniya, wasu kwamfutocin ba a kunna lasisin Windows ɗinsu ba, shafin Personalization a kulle yake. Su fa?

Baban Arkilla:

Hoton bango zai hau: a danna dama a kan fayil ɗin hoton, Set as desktop background. Sai dai ba za a iya zaɓar Fill ko Fit daga Settings ba, don haka a ba kowace kwamfuta hoton da ya yi daidai da girman sikirinta, ana ganin girman a Settings, System, Display. Tamburan folda ba ruwansu da lasisi, Customize na aiki yadda ya saba. Jigon ne kada ka dogara da shi a kansu, ka gwada a guda ɗaya tukuna kafin ka rubuta shi cikin bayanin ɗalibai.